Kallon tsuntsayen hunturu a fadamun Haɗejiya da Nguru: ina za a tsaya, yaushe, kuma yaya ake ƙirga su?

Malam Mai Tabarau:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda sanyi ya kankama, ga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta tsakiyar Janairu tana matsowa, ina so mu tattauna abin da ke sa masu fita kallo su dawo da takarda fayau. Mutum zai ji sunan Dagona ko Baturiya ko Tafkin Nguru, ya yi sammako ya nufi daidai inda aka ga dubban agwagi bara, ya tarar da busasshiyar laka ko kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta rufe ko'ina, sai ya ce tsuntsaye ba su zo bana ba. Sun zo. Ruwan ne ya matsa, su kuma suka bi shi.

Ambaliyar kogin Haɗejiya da na Jama'are tana cika ne wajen Satumba zuwa Oktoba, daga nan ruwa ya riƙa janyewa mako-mako har rani ya tsaya. Kowane irin tsuntsu da zurfin da yake kiwo a ciki. Ƙananan 'yan gaɓa, wato tsuntsayen da ke kiwo a bakin ruwa, laka mai danshi suke so, da ruwan da bai wuce kaurin yatsu biyu ba. Masu dogayen ƙafafu da dogon baki suna shiga har ruwan taƙi guda. Agwagin da ke tsintar abinci a saman ruwa ko su dulmiya kai suna son wanda bai wuce gwiwar mutum ba, mai ciyawa da bado. Saboda haka kafin a fita, a tambayi masunta da masu noman rani inda ruwa yake janyewa a wannan makon. Su ke kwana su tashi a wurin, kuma amsarsu ta fi ta taswira sabunta.

Ɗan Bade:
Wa alaikumus salam Malam. Haka yake. Zan ƙara maganar rana da iska, don ko an samu wurin, tsayuwa a gefen da bai dace ba tana ɓata fitar gaba ɗaya.

A Janairu rana tana fitowa a yankin Nguru da Gashuwa wajen bakwai saura kwata, daga gabas maso kudu, kuma ta kudu take bi har ta faɗi. Da safe a tsaya a gaɓar gabas ko kudu maso gabas, rana a bayanka, kana duban yamma. Da la'asar a koma gaɓar yamma. Wanda ya fuskanci rana baƙaƙen inuwoyi kawai zai gani a kan ruwa mai ƙyalli, ba zai bambance farar gira da launin ƙafa ba.

Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take kaɗawa. Ruwan da ke jikin gaɓar wannan ɓangaren shi ya fi kwanciya, don ciyawa da gaɓa sun kare shi, kuma nan agwagi suka fi taruwa idan iska ta yi ƙarfi. Ka ga ke nan da safe suna kusa da inda za ka tsaya. A sunkuya tun daga nesa, kada a fito tsaye a kan tudu sararin sama na bayan mutum, a nemi gindin gabaruwa ko goruba a jingina. Kirinjijiya ɗaya ta yi fito ta tashi, duk tafkin ya tashi.

Maman Walida:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina da ja a kan sammako a kowace rana. Ranar da hazo ya sauka sosai, ƙarfe bakwai ba a ganin abin da ya wuce mita ɗari biyu ko uku da kyau, duk launi ya koma toka-toka. A irin wannan rana gara a fara da gonaki, inda tsuntsun yake kusa, a bar buɗaɗɗen ruwa sai wajen tara. Amma kada a wuce sha ɗaya, don daga nan ƙasa ta ɗau zafi, iskar da ke saman laka ta fara rawa, madubi ya riƙa nuna kawalwainiya. Tsakanin tara da sha ɗaya ne lokacin ƙirga a ranar hazo, sai kuma daga huɗu zuwa shida na yamma.

Ɗan Bade:
Gaskiya ne Hajiya, na yarda da wannan gyaran. Sammakon yana da amfani ne musamman don ganin tashin tsuntsaye daga makwanci, da isa wurin kafin shanu su sauko shan ruwa.

Autan Zaure:
Iyayena da yayyena, a taimaka wa masu tasowa. Wane madubin hangen nesa ya dace? A kasuwa ana nuna mana masu rubutun 20x50 har da 60x60, ana cewa sun fi ƙarfi.

Baban Ilham:
Auta, ka bar waɗannan. Lamba ta farko ita ce yawan kusantarwa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Duk abin da ya wuce 10 hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa, balle cikin iskar hunturu, kuma filin da yake nunawa ya ƙuntata, kafin ka laluɓo tsuntsu ya tashi. Ƙananan nan masu rubutun 60x60 ma lambar ta talla ce kawai.

Nemi 8x42 ko 10x42. Raba lamba ta biyu da ta farko, za ka san faɗin hasken da ke isa idonka: 8x42 yana ba da milimita biyar da ɗan ɗori, 10x25 kuwa biyu da rabi kacal, shi ya sa yake duhu da asuba da magariba. A gona da cikin itatuwa 8 ya fi, a buɗaɗɗen tafki 10 ya ɗan fi.

Saita shi sau ɗaya tun a gida. Rufe gilashin dama da murfinsa, ka juya dabaran tsakiya har rubutun wani allo mai nisa ya fito tas a idon hagu. Sannan rufe na hagu, kada ka sake taɓa dabaran tsakiya, ka juya zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Ka lura da inda zoben ya tsaya. Idan bayan haka kana ganin abu biyu-biyu ko kanka yana sarawa bayan minti goma, madubin ya goce a ciki, yawanci daga faɗuwa, kuma saiti ba ya gyara shi. Gwada wannan a shago kafin ka biya.

Sai ƙura, wadda ita ke kashe madubi a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi. Ka goge gilashi da bakin riga, ka kankare rufin da ke hana ƙyalli, kuma ba ya dawowa. A fara hure ƙurar, a share da lallausan burushi, sannan a sa ƙyallen goge tabarau. A kan babur madubi ya zauna cikin jaka a rufe. Babban madubi mai ƙafa uku kuwa, ko da an rubuta 20 zuwa 60, a bar shi tsakanin 20 da 30, don sama da haka hazon da rawar iska yake ƙara girmamawa. A rataya jaka mai nauyi a tsakiyar ƙafafun saboda iska.

Malam Mai Tabarau:
Madalla. To mu shiga agwagi, don nan ake yawan cakuɗa baƙi masu zuwa cin hunturu daga arewa da 'yan gida.

'Yan gida su ne kirinjijiya da dinya da ƙwarwa. Kirinjijiya tana tsayawa a miƙe, doguwar wuya da dogayen ƙafafu, farar fuska, baƙar ƙeya, fitonta mai gaɓa uku. Idan ta tashi fukafukanta baƙaƙe ne masu faɗi, bugunsu a hankali, ƙafafu sun leƙo bayan wutsiya.

Baƙuwar da ta fi yawa ita ce gargani, ƙaramar agwagwa da ke hayayyafa a Turai da Rasha. Tana zama a kwance a kan ruwa, tashinta da sauri, gungu a cure yana juyawa tare. Kowa ya san hoton namijin mai farar gira mai faɗi da ta lanƙwasa har ƙeya, amma kada a dogara da shi a Disamba da farkon Janairu. Namijin gargani yana jinkirin sake gashi, sai wajen Fabrairu zuwa Maris yake cika ado. Kafin nan kusan duka kamar mata suke. Abin dubawa shi ne fuska mai zane-zane, baƙin layi ta cikin ido, ɗan farin ɗigo a gindin baki, farin maƙogwaro. A sama kuma kafaɗar fiffiken namiji tana da launin toka mai haske ko a wane wata.

Wata baƙuwar agwagwa, fintel, ta fi gargani girma, siririn dogon wuya, wutsiya mai tsini, kuma tana kifa kai cikin ruwa gindi a sama, abin da gargani ba ta cika yi ba. Mai faffaɗan baki, wadda bakinta ya fi kanta tsawo yana kallon ƙasa, ba ta da wuyar ganewa ko daga nesa.

Baban Ilham:
Malam, wannan jinkirin adon shi ya sa nake ganin sabon shiga ya fi cin riba a ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. Ruwa ya ragu, tsuntsaye sun taru a tafkuna kaɗan, maza sun yi ado, hazo ya fara sauƙi. Me zai sa mu tura yara cikin sanyin Janairu su yi ta fama da agwagi masu kama ɗaya?

Malam Mai Tabarau:
Don koyo, na ba ka gaskiya. Don ƙidaya kuwa a'a. An zaɓi tsakiyar Janairu ne saboda lokacin tsuntsayen sun fi zama wuri ɗaya, ba su fara komawa arewa ba, kuma ƙasashe da yawa suna ƙirgawa a tare. Wannan ƙidaya ta duniya, wadda ƙungiyar kare fadamu ta Wetlands International ke haɗa alƙalumanta, ta faro tun 1967. A Maris wanda ka ƙirga yau a Nguru wataƙila makon jiya wani ya ƙirga shi a wani wuri can kudu, lissafi ya ninku. A yi fita biyu kawai, kowacce da manufarta.

Ɗan Bade:
'Yan gaɓa fa? Su ne ke sa mutane su yanke ƙauna, alhali da an fara da guda ɗaya an riƙe shi sosai, sauran da shi za a riƙa auna su. A fara da raf, Calidris pugnax a littafi, don shi ya fi yawa a gonakin shinkafa. Ƙaramin kai a kan babban jiki mai tumbi, gajeren baki mai ɗan sunkuyawa, gashin baya mai tsarin ɓawon kifi wanda iska ke ɗagawa idan yana kiwo. Kada a kula da launin ƙafa, wani ruwan lemo, wani kore-kore. Namiji ya fi mace girma ƙwarai, har sabon shiga ya rubuta iri biyu alhali ɗaya ne. Idan gungu ya tashi ba a jin kuka ko kaɗan, wannan shirun ma alama ce.

Na biyu Tringa glareola: baya mai fararen ɗige-ɗige, farar gira da ta wuce bayan ido, ƙafa ruwan ɗorawa mai kore. Shi ba ya tashi shiru, sai ya yi "cif-if-if" da sauri. Yana son fangalin shinkafa mai ɗan ruwa da ciyawa. Ɗan'uwansa Tringa ochropus ya fi duhu, ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, kuma a ƙananan magudanai ake tashinsa ɗaya-ɗaya.

Wanda ke kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa, mai farin da ya hau gaban kafaɗa, yana tashi dab da ruwa fukafukai a sandare, wannan Actitis hypoleucos ne. Masu hasken jiki da dogayen ƙafafu guda biyu a raba su da baki: siriri miƙaƙƙe sosai na Tringa stagnatilis ne, mai kauri da ya ɗan ɗaga sama na Tringa nebularia ne, shi ne mai kukan "tyu-tyu-tyu". Godwit mai baƙar wutsiya ya fi su duka girma, a sama za a ga farin layi mai faɗi a fiffike.

Tsarin dubawa ɗaya ne kullum: girma idan an gwada da zakaran ƙeƙuwa da ke kusa, sannan baki, sannan ƙafa, sannan abin da ya bayyana da ya tashi. Launin jiki ne na ƙarshe.

Baba Mai Shinkafa:
'Ya'yana, ku yi haƙuri in sa baki a madadin manoma. Kuna ta yabon tsuntsaye, mu kuwa jan baki, ɗan tsuntsun nan mai cin hatsi, ya hana mu barci. Kacalar nan da ta cinye hanyoyin ruwa ita ce ɗakin kwanansa. Manomi ya ga baƙo da madubi a bakin gonarsa yana murna da tsuntsu, dole ransa ya sosu. Kuma ku sani, kunyar fangali ba hanya ba ce. Mutum uku suka bi ta kan sabuwar kunya da takalmi, ta rushe, ruwan da aka sayi mai aka jawo da inji ya tsiyaye cikin dare.

Maman Walida:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan hanya take, kuma dole mai kallo ya san bambancin don ya iya yi wa manomi bayani. Jan baki ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin Turai, kuma shi ke cin shinkafa da gero tun suna tsaye a kai. Raf kuwa yawancin abin da yake tsinta a hunturu zubabbiyar shinkafa ce a gonar da aka riga aka girbe, da tsutsotsin cikin laka. Ba zan ce baƙi ba sa taɓa yin ɓarna ba, don agwagi da raf suna iya sauka a sabon yafi ko wurin renon iri. Amma da yawansu taimako suke yi. Shahon Montagu fara ce babban abincinsa a Sahel, galantoyi ma haka, ga masu kaɗa wutsiya ruwan ɗorawa da ke bin ƙafar shanu suna kama ƙwari.

Kacala kuma damuwarmu ce tare. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana a wasu hanyoyin har cikin rani. Da can fadama tana cika ta bushe, bushewar ce ke hana kacala kafuwa. Yanzu ta samu ruwan dindindin, ta toshe rassan kogi, ruwa mai yawa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Tafkin Nguru, wasu wuraren suka nutse, wasu suka bushe. Inda kacala ta rufe babu laka a buɗe, don haka 'yan gaɓa da agwagi sun rasa wurin kiwo kamar yadda manomi ya rasa gona, masunci ya rasa hanyar kwalekwale.

Abin da nake roƙo shi ne a kula da feshin jan baki. Maganin da aka saba fesawa a makwancinsa da magariba, fentiyon, ba ya zaɓe. Masu kaɗa wutsiya da tsattsewa ma a ciyawar ruwa suke kwana, shaho da shirwa kuma suna cin gawar da ta sha guba. Wanda ya san makwancin da baƙi suka fi yawa a ciki ya sanar da jami'an gona kafin a yi feshi.

Baba Mai Shinkafa:
To Hajiya, idan haka ne mun fahimci juna. A yi sallama, a nemi izini, a bi ta hanyar da mai gona ya nuna. Wanda ya yi haka, manomi da kansa zai nuna masa fangalin da tsuntsaye suka fi sauka.

Na Madarunfa:
Gaisuwa daga Nijar. Kun daɗe a bakin ruwa, bari in ja ku gonakin tudu, don rabin baƙin a can suke kuma ba a cika kula su ba. Abin da zan faɗa ya shafi kewayen tafkin Madarunfa da na Tabalak kamar yadda ya shafi naku.

Itace ake bi. Gawo shi ne na farko, don yana fitar da ganye da fure a rani lokacin da sauran suka kaɗe, ƙwari su taru a kansa, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari su biyo. Sai aduwa da sauran itatuwa masu ƙaya. Darbejiya da turare kuwa, duk inuwarsu, baƙin nan ba su cika kula su ba. A tsaya minti biyar zuwa goma a gefen gawo ɗaya, rana a baya, a fara da ido kawai har a ga motsin ganye, sannan a ɗaga madubi ba tare da an kawar da ido daga wurin ba. Wanda ya duba ƙasa don ɗauko madubi ya rasa tsuntsun.

A kan karan dawa da kan ƙaya ana samun masu zama a fili. Mai farin kuturi, Oenanthe oenanthe, yana gudu a ƙasa ya tsaya cak, idan ya tashi wutsiyarsa fara ce mai baƙin baki. Saxicola rubetra ƙarami ne mai farar gira, yana zama a tsinin kara ya sauka ƙasa ya koma. Lanius senator kuwa jan ƙeya gare shi da baƙin rufin ido.

Shahon fadama a bambanta shi da shirwa ta wutsiya da riƙon fiffike. Wutsiyar shirwa mai rassa biyu ce. Shi kuwa tasa doguwa ce ba tsaga, yana shawagi ƙasa-ƙasa fukafukai a ɗage sama yana tangaɗi, macen baƙa-baƙa ce mai farin kai. Namijin shahon Montagu launin toka ne da baƙin layi a tsakiyar fiffike. Ɗan'uwansa Circus macrourus ya fi haske, ba shi da layin, baƙin tsinin fiffikensa siriri ne. Matan waɗannan biyun suna da wuyar rabuwa ko ga gwanaye, don haka idan ba a tabbatar ba a rubuta "ɗaya daga cikin biyun", ya fi a cusa suna.

Kada a raina gonakin nan. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, ɗan tsuntsun da ake kira mai farin maƙogwaro, wanda ke cin hunturu a irin waɗannan ƙayoyi, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Birtaniya a bazarar 1969. Gawon da aka sare a nan, ana jin rashinsa a can.

Autan Zaure:
Na gode ƙwarai. Amma Malam, idan agwagi sun kai dubbai, ta yaya ake ƙirgawa ba tare da an ruɗe ba?

Malam Mai Tabarau:
Da farko a yi ƙiyasin gaba ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan a rubuta, don idan suka tashi a tsakiyar ƙirga ka tsira da wani abu. Sannan a fara daga gefe ɗaya. Ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girman wurin da goman suka cika a idonka, ka riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin, har ɗari. Idan gungun babba ne, ɗarin ta zama ma'auni. Inda suka cure sosai a rage faɗin ma'aunin, don tsakiya ta fi gefe cika, kuma wannan ne ya sa yawancin mutane ke rage adadin babban gungu. A gama iri ɗaya kafin a koma wani. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai ba tare da faɗa wa juna ba, na uku yana rubutu. Idan bambancinsu ya wuce kashi ɗaya cikin goma a sake.

Ninki yana shigowa ne ta hanya biyu. Ko dai gungu ya tashi daga inda ka gama ya sauka a gabanka, ko ƙungiya biyu su ƙirga tafkuna maƙwabta a sa'o'i daban. Maganin na farko, wanda ya tashi ya wuce gabanka a cire shi daga lissafin baya. Maganin na biyu, a fara a lokaci ɗaya, kowa ya rubuta sa'ar da ya ga babban gungu ya tashi da inda ya nufa, a daidaita da yamma.

A takarda a sa kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, sunan wurin yadda mutanen garin ke kiransa, lambobin wurin daga waya, yawan ruwa, nisan da hazo ya bari a gani, da ko akwai masunta ko shanu ko mafarauta. Tafkin da aka je aka tarar ba komai a rubuta sifili. Wannan sifilin shi ke nuna wurin ya mutu, kuma shi aka fi mantawa.

Adadin nan yana da nauyi. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, shi ne wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi ɗaya cikin ɗari na wani iri. Tafkin Nguru da hanyar Marma sun shiga jerin a 2000, Dagona da Baturiya a 2008. Idan ba ƙidaya mai inganci, ba abin da za a kai gaban hukuma ranar da ake maganar sakin ruwa daga madatsa.

Baban Ilham:
Wanda ba ya cikin ƙungiyar ƙidaya ma zai iya ba da gudummawa ta shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos ke jagoranta. Ana amfani da manhajar BirdLasser. An yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowanne kusan kilomita 9 a tsaye da kwance. A yi aƙalla awa biyu a cikin guda, a zaga ruwa da gona da gari, a shigar da kowane iri bisa jerin da aka gan shi, har da hankaka da balbela da kurciya. A cika cajin waya, a sauke taswira tun a gari, don sabis yana yankewa a fadama.

Ɗan Bade:
Saura lafiya da tsaro, kada mu rufe ba mu taɓa su ba.

Kada a shiga ruwan kwance ba takalmin roba mai tsawo. Tsargiya daga katantanwar cikin irin wannan ruwa take fitowa, ta fata take shiga, kuma tsayuwar minti kaɗan ta isa. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, akwai maganinta. A bubbuga ciyawa da sanda kafin a zauna.

Matattun tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya, ko masu juya wuya sun kasa tashi, kada a taɓa, kada a bar yara su kwasa zuwa gida. A ɗau hoto daga nesa a kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Murar tsuntsaye ta H5N1 a Najeriya aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a 2006, kuma mai kaji a gida ya wanke takalmansa kafin ya shiga wurinsu.

Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, don haka ta ofishinsu ake bi a ɗau jagora. A sauran wurare a fara da gaida bulama ko mai unguwa, a nuna madubin, a bari mutane su leƙa su gani da idonsu. Kada a ɗaga madubi ko kyamara wajen shingen jami'an tsaro, gada, madatsa, ko inda mata ke wanka da wanki. A tambayi halin hanya ranar tafiyar, a dawo gari kafin duhu.

Autan Zaure:
Tambaya ta ƙarshe Yaya. Masunta kan sami tsuntsu a raga da zobe a ƙafa, wani har da 'yar na'ura a baya, mutane su tsorata su ce na leƙen asiri ne. Me ya kamata a yi?

Na Madarunfa:
Masu bincike ne ke sa su don sanin hanyar da tsuntsu ke bi. Na'urar wurin da yake kawai take aikawa, allon da ke samanta na cajin hasken rana ne. Idan tsuntsun yana da rai, kada a cire zoben. A juya shi a hankali a ɗau hoton rubutun duka, don lambar ta zagaye ƙafar, harafi ɗaya ya ɓace ba za a gano shi ba. Akwai sunan gari ko cibiyar da ta sa shi a jiki. Sannan a warware ragar daga ƙafafu, sai fukafukai, kai a ƙarshe, a sake shi a bakin ruwa. Idan ya mutu a cire zoben a miƙar da shi a ajiye tare da na'urar.

Zobba masu launi da ake gani a ƙafar godwit ba sai an kama shi ba, da babban madubi ake karanta su. A rubuta ƙafar hagu ta tsuntsun daban, ta dama daban, daga sama zuwa ƙasa, a nuna wanne ke saman gaɓar ƙafa wanne ke ƙasanta, da ko akwai mai ɗan tuta. Laka tana mayar da fari ya koma ruwan ɗorawa, don haka a jira ya shiga ruwa ya fito kafin a tabbatar. A haɗa da kwanan wata da sunan wurin a aika wa APLORI ko ta shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe a Turai. Yawanci sukan dawo da amsa mai nuna ƙasar da aka sa zoben da ranar, sai a kai wa masuncin da ya samo shi ya gani.